Kafin Ka Yi wa Bindigarka Kwalliya

Assalamu alaikum, ɗana Nafi'u.

Ina gaishe ka gaisuwar uba, yau kuma har da ta tsohon soja ga sabo. Allah Ya sa takardar nan ta same ka a kujerar gefen taga, direba mai hankali, hanya lafiya lau daga tasha har bariki. Na san ba za ka gan ta ba sai kun wuce Garun Malam, lokacin da yunwa za ta sa ka buɗe jaka neman dambun naman da Ummanka ta ƙulle maka. Da gangan na sa ta a ƙarƙashinsa, don na san hannunka ba ya ɓatan hanyar abinci.

Tun ranar faretin yaye ku bakina bai rufu ba. Ummanka da ta ce ita kunya ba za ta bar ta ta kalla ba, ita ce ta fi kowa miƙa wuya. 'Yan majalisarmu kuwa sun gaji da ni, ko maganar tsadar taki aka ɗauko sai na san yadda na yi na kawo ta kan yadda ka sara wa babban hafsa. Na ji daɗi, Nafi'u, daɗin da ban ji irinsa ba ko ranar da aka ɗaura mini igiyar sajan.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya a bakin kanal ɗin noman rani, muna jera bututun sayfon muna janyo wa irin shinkafa ruwa, ka goge hannu a wando ka nuna mini hotuna a wayarka. Sojoji ne riƙe da bindigogi an yi musu kaya: madubin hange a sama, tocila a ƙasan baki, mariƙi a gaba, maratayi mai ƙugiyoyi, ga magazin biyu, wato gidan harsashi, an haɗe su wuri guda. Ka ce, "Baba, so nake a sayar da Ɗan Ja in sayi irin waɗannan. Can inda za a tura mu kowa da su yake yawo." Na ce bari in yi tunani, ka ɗaure fuska ka koma kan sayfon. Ban ba ka amsa a nan ba saboda na san mu. Ni da kai kanmu ɗaya wajen zafi, da mun fara da sai maƙwabtan gona sun raba mu.

Ɗan Ja bijiminka ne, ba na gardama. Tun yana maraƙi kake yanko masa ciyawa a gefen kanal, kai ka ɗauko masa harawa a ka, kai ka kwana biyu ba ka ci abincin kirki ba da ya yi ciwon kofato. Shi ne kwanon rufin ɗakinka, shi ne kuma farkon lefenka in lokaci ya yi. Amma ba bijimin kaɗai nake ji ba. Duk abin da ka rataya wa bindiga, ranka ka rataya a jikinsa. Don haka zauna ka ji irin wautar da ubanka ya tafka, ka yi dariyarka, na yafe.

Ina kurtu a depo aka ba mu 'yar kwalbar man bindiga. Na duba shi, ruwa-ruwa, ba kauri, ba ƙamshi, na ce wannan ai rowar gwamnati ce. Mu a gida da me muke shafe ƙotar fartanya da sarƙar keke? Man gyaɗa. Kakarka kuwa ta haɗo ni da kwalba guda ta mai kyau, suyar hannunta. Na kwance bindiga na shafe ta ciki da waje har tana ɗaukar ido, na jingine ta ina jin babu kamata a cikin kurata. Kafin lokacin duba makamai ƙura ta haɗu da man ta zama kamar ƙullun ƙosai, cinnaku kuma sun yi layi daga ƙasa har bakin bindiga.

Mai horar da mu wani sajan ne, Bulus, mutumin tsaunukan Filato, gajere mai faɗin ƙirji. Ya ɗauki bindigar ya sansana, ya dube ni, ya sake sansanawa. Ya ce, "Kai Garba, wannan bindiga ne ko ƙuli-ƙuli? Bindiga na gwamnati ka maida shi suya? Kawo yaji mu ci!" Ranar na yi tsallen kwaɗo har cinyoyina suka daina jin magana, sunan Garba Ƙuli kuma bai sake ni ba sai da na yi ritaya.

Kai an koya muku, ba za ka yi wannan ba. Amma ka riƙe abin da ke ciki: kayan da suka fi amfani ga bindiga su ne waɗanda ba wanda yake ɗaukar su hoto. Man da aka ba ka, ɗan kaɗan, ka goge saura. Tsumma mai tsabta. Igiyar zura wa bututu. Tsohon buroshin haƙori. Ummanka ta yayyanka maka tsohon zaninta na auduga, yana aljihun jakar na gefe, kada ka raina shi ka share takalmi da shi.

Da na fara ɗaukar albashi sai kwalliya ta motsa. Na zo hutu, na shiga birni wajen dukawa, na sa aka ɗinka mini maratayi na jar fata, da tuntaye, da ɗan madubi zagayayye a tsakiya irin na jikin linzami. Wallahi ya yi kyau, har yau ban fasa cewa ya yi kyau ba. Muka fita atisaye a daji, aka raba mu biyu, mu ɓuya su neme mu. Na sami gindin sabara na lafe kamar zomo, ina ganin ko aljani ba zai gan ni ba. Ni aka fara kamawa. Madubin nan yana ta aika wa duniya saƙo da hasken rana, ni ban sani ba. Ruwa kuma ya zo ya dake mu a hanyar komawa, jar fatar ta zuba, ta rina mini kaki daga kafaɗa har ƙugu. Sajan Bulus ya ce, "Bindiga ba amarya ba ne, Garba. Mai kallo ba shi zai ɗauka maka ba."

Maratayi kuwa kada ka ga kamar ƙaramin abu ne, shi ne yake ɗauke maka nauyi tun safe har yamma. Ka nemi mai ƙwari, marar ƙyalli, wanda ba ya ƙara in kana tafiya, wanda za ka iya tsuke shi ko sassauta shi da hannu ɗaya. In na bariki ya cika waɗannan, to ka huta. Masu ƙugiyoyin ƙarfe na cikin hotonka ka karkaɗa su kusa da kunnenka kafin ka so su.

Ka tuna yadda na koya maka sayen fartanya? A gaban maƙeri kowace fartanya sarauniya ce. Sai azahar ta yi, kana tsakiyar fangali, bayanka ya riƙe, tafin hannu ya yi kanta, sannan za ta gaya maka ko ita wace ce. Kayan bindiga ma haka suke. Tocila da mariƙi da madubi, kowanne in ka ɗaga shi a shago sai ka ce ai ba nauyi. Ka haɗa su a bakin bindiga ka yi sintiri da su a rairayi, da ƙishirwa, ka ga yadda bakin zai riƙa rinjayarka ƙasa daidai lokacin da kake son ya tsaya cak.

Madubin hange ma na saya, kada ka ɗauka ku kuka fara gani. Wani ɗan koli ne a bakin bariki ya rantse mini da shi ake harbin sauro a ƙasar Turawa. Na leƙa, na hango akuya a can nesa kamar in shafa gemunta, na biya ban ko taya ba. Na ɗaure shi a ɓoye muka je filin harbi. Harbin farko ya girgiza shi, na biyu ya karkata, na uku ya dawo ya sare mini gira. Allona fes, ko ƙwarzane babu. Na kusa da ni kuwa, wani Bayerabe, aka ƙirga ramukan allonsa suka fi harsasan da aka ba shi, ya yi ta murna yana yi mini godiya. Garin neman gira na kusa rasa ido, tabon yana nan kana ganinsa kullum. Na taɓa ce maka ƙahon saniya ne. Ba saniya ba ce.

Abin da madubi yake nuna maka daban, inda harsashi yake zuwa daban, sai an daidaita su a filin harbi, kuma sai in maƙalin yana da ƙarfin da zai jure bugun bindiga. Na araha ba ya jurewa. Sannan duk abin da za ka ɗaura, sai da sanin na gaba da kai da mai kula da makamai. Abin da ka ɗaura a ɓoye ba za ka sami damar gwada shi a fili ba, abin da ba ka gwada ba kuwa ba ka san shi ba.

Yanzu ga wadda ba ta dariya ba ce, ko da yake ƙarshenta ya yi daɗi. Ban taɓa ba ka ita ba.

An tura mu aikin kiyaye zaman lafiya wata ƙasa ta bakin teku, inda ruwan sama ba ya gajiya. Ina kofur a lokacin, Bulus kuma ya zama samanja, Allah Ya sake haɗa mu. 'Yan tawayen can suna haɗa magazin biyu da salatif, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa, in ɗaya ya ƙare sai a juya kawai. Na gani ya burge ni, na ce wannan ai dabara ce, na yi wa tawa. Bulus ya gani ya ce in kwance. Na ce to, ya juya baya na bar abina.

Wata safiya muna sintiri a gefen wata fadamar shinkafa. Ina ma cikin kallon shinkafar ne, ina cewa a raina mutanen nan ba su iya dashe ba, sun cika ta da yawa, sai wuta ta tashi daga cikin itatuwan kwakwa. Muka zube bayan kunya, ciki a taɓo. Na harba magazin na farko har ya ƙare. Na cire na juya na biyu na ɗana, na ja kunama, shiru. Na sake ja, shiru. Ashe tun da na faɗi, bakin magazin na ƙasa ya nutse cikin laka, na ɗauko lakar da hannuna na cusa wa bindigata.

Nafi'u, na ji tsoro. Ba zan yi maka ƙaryar jarumta ba. Harsashi yana yanke kan shinkafa a saman kaina, ni kuma ina riƙe da bindigar da ta zama sanda. Ummanka na tuna, tana goyon yayarka Hadiza, kai ko labarinka babu. Sai ga Bulus ya jawo ciki ya iso inda nake, ya tsaya yana harbi ta kaina, ya ce in kwance ta in goge. Na buɗe ta, na yagi gefen singiletina na kwashe lakar, ya jefo mini magazin daga jakarsa, busasshe, mai tsabta. Ta tashi. Allah Ya taimake mu muka fita dukkanmu, ba wanda ya rasa ko yatsa.

Da muka koma sansani ban ko cire takalmi ba na yi sujada. Na jira hukunci, bai zo ba. Bulus ya zauna kusa da ni yana ɓare salatif ɗin da farce, ya ce, "Kullum kana cika mu da baki kai manomi na shinkafa ne. Manomi na shinkafa bai san taɓo ba?" Wannan ta fi mini tsallen kwaɗo ciwo, don gaskiya ya faɗa. Yaron da ke Bunkure ma ya san in bakin sayfon ya kafe a laka ruwa ba zai hau ba. Na san haka tun ban iya ɗaura wando ba, amma sha'awar in yi kama da wasu ta mantar da ni.

Da ranar ta zo da ƙarar kwana, da babu kai, babu ƙannenka, babu wannan takarda. Shi ya sa da na ga magazin biyun nan a wayarka gabana ya faɗi, na ce bari in yi tunani. Magazin wurinsa jaka, a rufe, baki ƙasa. Ka koyi canza shi da sauri har hannunka ya riƙa yi ba tare da ya tambaye ka ba. Wannan ba a sayar da shi a shago, kuma ba ya cin batir.

To kada ka ce tsoho ya tsani sabon abu ne kawai, don nan ma na yi kuskure, kuma na girma ne lokacin, ba ni da uzurin ƙuruciya. Dab da ritayata aka raba mana wani ƙaramin madubin saiti mai jan ɗigo a tsakiya, na gwamnati, mai kyau, an daidaita shi yadda ya kamata. Ni da tabon girata na ce Allah Ya kiyaye, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na jefa shi a jaka na ce ni da saitin ƙarfe na saba. Muka je filin harbi da yamma, haske ya fara raguwa, idona kuma ya fara tsufa ban yarda ba. Yaran da na horar da hannuna suka cinye ni tas. Washegari na ɗauko shi a hankali na ɗaura, ina ganin haƙoransu a waje. Abin yana da amfani ƙwarai, kuma na yi wata da watanni ina hana kaina shi don taurin kai.

Haka na yi da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, kana nan, ka ji irin surutun da na yi. Yanzu wa ya fi ni yabonsa? Don haka ba cewa nake duk kayan hotonka banza ba ne. Wataƙila a ciki akwai wanda zai tsare maka rai. Tocila tana da ranarta, in za a shiga ɗaki mai duhu, amma ka sani yadda take nuna maka mutum haka take nuna masa kai. Abin da nake cewa shi ne daga bakin kanal ba za mu iya sanin wanne ne ba, ni da kai duka. Ni zamanina ya wuce, kai naka bai fara ba.

In ka isa, ka sa ido a kan waɗanda kakinsu ya koɗe, waɗanda suka daɗe a wurin suna fita suna dawowa. Kada ka dubi bindigar mai yawan ɗora hoto, ka dubi tasu. Abin da ka ga sun bari a jiki, ya biya kuɗin sabulu. Abin da ka ga sun cire sun jefa a akwati, ka tambaye su dalili, ka saya musu shayi su ba ka labari. Za ka sami naka Bulus ɗin a can, kowace bataliya tana da shi. Wataƙila ba addininku ɗaya ba, wataƙila Hausarsa ta ba ka dariya. Ka riƙe shi da kyau, kuma in ya ce kwance, ka kwance.

Abu ɗaya kuma, tunda kwalliya don idon mutane ake yin ta. In an sa ka a shingen hanya, mutanen da za su wuce ta gabanka irinmu ne. In ka ga mota ta ɗauko kwandunan tumatir, ka tuna yadda muke tsayuwa a Kwanar Gafan muna addu'ar kada rana ta dafa mana kaya kafin su isa. Ka duba abin da aka sa ka dubawa ka sallame su. Bakin bindiga ƙasa, yatsa nesa da kunama. Ba na son a ji tsoron ɗana a hanya, so nake a ce Allah Ya yi wa yaron nan albarka.

Ga amsata a kan Ɗan Ja. Yana nan a turkensa, ni zan riƙa ba shi dusa, ƙaninka ya yi ciyawa. Ka je da abin da gwamnati ta ba ka, ka ɗauke shi a rana da ƙura har kafaɗarka ta san shi. In bayan nan ka ga akwai abu guda da babu shi a hannunka, manyanka sun yarda da shi, tsofaffin wurin suna amfani da shi, kai ma ka ari na wani ka gwada a filin harbi ka ga aikinsa, to ka kira ni. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce, "Baba, na gwada." Ranar kasuwar Bunkure da kaina zan ja shi, kuma mai kyau za ka saya, ba na ɗan koli ba. In kuɗinsa bai kai ba, akwai buhunan shinkafa a ɗaki. Rufin ɗaki zai jira, lefe ma zai jira. Maraƙi ko yaushe ana samun wani a kasuwa, amma Nafi'u guda ɗaya gare ni.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare waɗanda za su kwanta a rami ɗaya da kai. Allah Ya sa bindigarka ta tashi duk ranar da kake da gaskiya, Ya kuma hana ta tashi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ka riƙe salla ko a cikin takalmi ne. Ummanka ta ce in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, ni ma haka. Ka je lafiya, ka dawo mana da ƙafafunka.

Mahaifinka,
Sajan Garba mai ritaya